Ciki bayan shekara 12: da gaske ne haihuwa tana komawa kamar ta fari?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wadda ta taɓa shiga irin halin da nake ciki ta taimaka mini da abin da ta gani. Shekarata 39, 'ya'yana uku, autana shekararsa 12. Na riga na cire rai da sake haihuwa. Da al'ada ta ɗauke mini wata biyu sai na ɗauka girma ne ya fara zuwa, sai ga laulayi, gwaji ya nuna ciki ne, yanzu yana neman wata uku. Tun daga nan kowa da abin da yake faɗa mini. Wasu sun ce idan mace ta daɗe haka ƙugu yana haɗewa, haihuwar ta koma kamar ta fari ko ma ta fi ta wuya. Wasu sun ce ba komai, ai na saba. Ban fara awo ba tukuna. A baya ma sai ciki ya kai wata shida nake zuwa, ga shi yanzu babbar 'yata shekararta 18, ina jin nauyin a gan ni a layin awo tare da sa'o'inta. Wanne ne gaskiya?

Hajiya Inna:
Wa alaikumus salam. Barka 'yata, Allah ya inganta, ya raba lafiya. Ki daina sauraron masu tayar miki da hankali. Ni tsakanin na biyar da autata shekara 10 ne, kuma ita ce haihuwar da ta fi zo mini da sauƙi. Da asuba marata ta fara, kafin hantsi na sauka. Jikin da ya haifi uku ba ya manta hanya.

Ummu Hanan:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma ba kowa ke dace irin naki ba. Ni tazarar shekara 9 na samu. Haihuwata ta biyu ko zama ban yi a ɗakin haihuwa ba, amma wannan na kwana na wuni bakin mahaifa yana santimita 4 ya ƙi gaba, sai da aka sa mini ruwan naƙuda. Na shiga da tabbacin cewa nan da nan zan gama, shi ya sa da abin ya ja sai tsoro ya kama ni, na ɗauka wani abu ne ya lalace a jikina. Da tun farko an gaya mini hakan yana faruwa, da na fi samun natsuwa. Maman Sadiq, ki shirya wa duka biyun.

Sista Ungozoma:
Anti Maman Sadiq, barka da arziki. Hajiya da Ummu Hanan duk gaskiya suka faɗa, don duka biyun muna gani. Bari in raba miki maganar gida biyu, domin ana yawan cakuɗa su.

Maganar ƙugu ya haɗe babu ita. Ƙashin ƙugu yana nan yadda yake, kuma kowane ciki da kansa yake sassauta jijiyoyin da ke riƙe da gaɓoɓin wurin. Abin da aka lura da shi a bincike shi ne naƙuda mai jan lokaci ta fi yawa ga masu doguwar tazara idan aka kwatanta da masu tazarar shekara biyu ko uku. Duk da haka da yawansu suna sauka da sauri fiye da yadda suka yi a haihuwar fari. Saboda haka ba a yi wa naƙuda alkawari. Kada ki zauna a gida kina cewa ai zai ja kamar na fari, don na sha karɓar matan da kan jariri ya sauko tun suna hanya. Kada kuma ki firgita idan ya ja.

Inda jiki yake komawa kamar na mai cikin fari da gaske shi ne wajen hawan jini na masu ciki, wanda idan ya yi tsanani yake kai ga jijjiga. Wannan ciwo ya fi kama mai cikin fari, mai na biyu da na uku tana samun wata kariya daga cikin da ta yi a baya. To kariyar nan tana raguwa da shekaru. Akwai wani babban bincike da aka yi a ƙasar Norwe, aka buga a 2002, sun bi bayanan haihuwar mata masu ɗimbin yawa, suka ga cewa duk shekarar da ta ƙaru a kan tazarar, haɗarin yana ƙaruwa, idan ta kai shekara 10 ko fiye sai ya zo kusan daidai da na wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Bayanin da masana suke bayarwa shi ne ciki yana buɗa jijiyoyin jinin da ke ciyar da mahaifa, wannan buɗewar tana amfanar cikin da ya biyo baya, amma idan aka daɗe sai su koma yadda suke.

Wannan ne dalilin da ya sa wata shidan da kika saba ba zai yi ba a wannan karon. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a fara awo cikin mako 12 na farko, a kuma gana da ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Ke kina bakin mako 12 ɗin ne yanzu. Muna son mu san yadda jininki yake tun ciki yana ƙarami, don idan ya hau daga baya mu gane hawa ya yi.

Maman Nana:
Ni dai ina ganin shekaru ne kawai, ba tazara ba. Wadda ta daɗe ba ta haihu ba ai dole ta girma. Kuma na taɓa jin cewa canjin miji ne ke kawo hawan jinin nan, don wata 'yar uwata sai da ta sake aure ya same ta.

Dakta Ummu Aliyu:
Maman Nana, tambayarki a kan hanya take, don masu binciken ma sun yi ta. Shekaru suna da nasu tasirin, babu musu. Amma ko an ware shekaru gefe, an kwatanta mata masu shekaru ɗaya, tazarar tana nan da nata. Maganar canjin miji kuwa an daɗe ana faɗinta a tsakanin likitoci ma. Binciken Norwe ɗin da Sista ta ambata shi ya nuna cewa wadda ta sake aure yawanci ta fi daɗewa kafin ta sake samun ciki, kuma da aka lissafa da wannan daɗewar sai aka ga ita ce ke ɗauke da laifin da ake ɗora wa sabon mijin.

Akwai kuma wani nazari na 2006 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna tazarar da ba ta kai wata 18 ba da wadda ta wuce wata 59 duk suna da alaƙa da ƙaruwar haihuwar bakwaini da jariri mara nauyi. Ina faɗin haka ne don a san dalilin sa ido, ba don a ɗauka kowace mai doguwar tazara za ta gamu da matsala ba. Mafi yawansu lafiya suke sauka.

Baban Walid:
Ku yi haƙuri in sa baki, duk da maganar ta iyayenmu mata ce. Maiɗakina ta samu ciki bayan shekara 11. Haihuwa huɗu ta yi a baya, ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba, saboda haka ni da ita duk muka saki jiki. A wata na takwas ta nuna mini zobenta ya ƙi fita daga yatsa, naman ya kumbura ya rufe shi. Da safe fuskarta takan yi suntum har idonta ya ƙanƙance. Muka ce nauyin ciki ne. Daga nan sai ciwon kai wanda ba ya jin magani, ta ce tana ganin wasu abubuwa suna ƙyalli a gabanta, ga wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Da muka je asibiti aka auna, jinin 170 bisa 110. Ina tsaye nas ɗin ta sake aunawa a ɗaya hannun, ba ta ce komai ba ta fita da sauri ta kira likita. Allurai aka yi ta yi mata, washegari aka ciro yaron. Sun rayu duka biyun, alhamdu lillahi, amma ya yi makonni a kwalba. Ina roƙon maza, idan matarka ta ce kanta yana ciwo tana da tsohon ciki, kada ka ce ta sha magani ta kwanta.

Sista Ungozoma:
Allah ya raya Walid da ƙaninsa. Duk abin da Malam ya lissafa su ne alamomin da muke roƙon a kula da su: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko ƙyalli, kumburin fuska da hannu, ciwo a saman ciki ta dama. Kumburin ƙafa kaɗai da yamma ba abin tsoro ba ne. Amma hawan jinin yakan daɗe bai nuna alama ba, sai awo ne ke kama shi: 140 bisa 90 ko fiye bayan mako 20, sai a duba fitsari a ga ko akwai furotin. Allurar da ake yi don tare jijjiga sunanta magnesium sulphate.

Maman Nana:
To ai na ji ana cewa asfirin yana hana shi. Me zai hana duk mai irin wannan ciki ta saya ta riƙa sha?

Dakta Ummu Aliyu:
A'a, don Allah kada a yi haka. Gaskiya ne ƙaramin asfirin yana rage haɗarin ga wadda ta cancanta, amma ba irin wanda ake sha don ciwon kai ba ne, ƙarami ne sosai, daga miligiram 75 zuwa 150 a rana, ana farawa daga mako 12. Ƙa'idar da likitocin Birtaniya suke bi ta sa tazarar da ta wuce shekara 10 a cikin abubuwan haɗari matsakaita, tare da cikin fari, da shekara 40 zuwa sama, da ƙiba mai yawa, da tagwaye, da samun wadda ta taɓa yin ciwon a cikin uwa ko 'yar uwa. Idan mace ta haɗa biyu daga ciki sai a ba ta. Na Amurka sun fara lissafin shekarun ne daga 35. Kin ga Maman Sadiq, mai shekara 39 da tazarar 12, a wani lissafin ta haɗa biyu, a wani ɗaya take da shi sai an duba sauran. Ga kuma masu gyambon ciki da masu asma da asfirin ke tayar musu da ita. Likitan da ya gan ta ido da ido shi zai yanke. Abin da ya sa nake matsa mata ta je a makon nan shi ne amfanin maganin ya fi yawa idan aka fara shi kafin mako 16.

Maman Ilham:
Ina karantawa ina ta juya kalmar tazara da ake ta maimaitawa a raina. Ba kowace mai tsawon lokaci ce ta zaɓa ba. Ni bayan Ilham shekara 8 ina nema, ɓari biyu a tsakani. Mutane suna ganin ina da ɗiya ɗaya sai su ce ai ke kin haihu, ki gode wa Allah, wasu ma su ce da gangan nake yi. Na gode wa Allah, amma zafin yana nan. Da aka duba, ashe ƙari ne ya fito mini a mahaifa, wanda ake kira faibiroid, yana danne wurin da ciki zai zauna. Bayan an cire na samu. Ina gaya wa duk mai nema, haihuwar da kika yi a baya ba ta nufin komai yana nan daidai har yau. Ki je a duba ki, a duba maigida ma.

Dakta Ummu Aliyu:
Allah ya saka miki, Maman Ilham. Ƙa'idar ita ce shekara ɗaya ana nema ba a samu ba, a je asibiti, idan mace ta wuce 35 kuma wata shida ya isa. Wadda ma ta daɗe tana nema kafin ta samu ta ƙara cancantar kulawa, don wani lokaci abin da ya jinkirta cikin yana nan yana iya shafarsa.

'Yar Fari:
Anti Maman Sadiq, ni zan yi magana ne a madadin 'yarki. Shekarata 17 Mamanmu ta samu cikin autanmu. Ta ɓoye mana har ya fito, amma tun yana wata biyu na gane, don na ga ta daina shiga kicin idan ana soya abu, tana kuma yawan kwanciya da rana. Na riƙa jin tsoro, na ɗauka wani mugun ciwo ne take ɓoye mana. Ranar da ta kira ni ta faɗa mini, kuka na yi don daɗi. Ni na riƙa raka ta awo ina riƙe mata katinta. Ba na jin 'yarki za ta ji kunyarki, Anti. Abin da zai dame ta shi ne ta ga ba ki da lafiya ba ta san dalili ba.

Hajiya Inna:
Allah ya yi miki albarka, jikata. Amma ku bar ganin laifin mai jin nauyi, kara ce, kuma abu ne mai kyau tsakanin uwa da 'ya. Mu a lokacinmu ba ma wannan maganar da yara.

Anti Safiya:
Hajiya, babu wanda ya ce kara ba ta da kyau. Ta ci gaba da yi wa 'yarta kara a gida iya son ranta. Amma a ce mace ta ƙi zuwa a auna jininta saboda kada a gan ta a layi, wannan kam ban yarda ba. Waɗanda take jin nauyinsu, idan abu ya faru Allah ya kiyaye, ba su ne za su riƙe mata yara huɗu ba. Kuma wallahi a layin awo babu mai kallon wani, kowa ta kanta take yi.

Hajiya Inna:
Ni ban ce kada ta je ba. Ta je mana. Na ce dai kada a tsorata ta har ta kasa barci.

Maman Yasmin:
Tambaya gare ni, Dakta. Ni aiki aka yi mini a haihuwata ta ƙarshe, shekara 10 ke nan, yanzu ina da ciki wata biyar. An ce mini tunda an daɗe ɗinkin ya warke sarai, kamar ba a taɓa yi ba, zan iya haihuwa a gida ma.

Dakta Ummu Aliyu:
Rabin maganar daidai ne, rabin kuma yana da haɗari. Daɗewar ta taimake ki, don an fi jin tsoron ɗinkin da bai daɗe ba. Amma tabon da ke jikin mahaifa ba ya ɓacewa ko bayan shekara nawa. Mata da yawa da aka yi wa aiki sau ɗaya suna haihuwa da kansu daga baya, wajen kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na waɗanda suka gwada. Haɗarin tabon ya buɗe a lokacin naƙuda kusan ɗaya ne cikin 200, kuma idan ya faru mintuna ake da su. Shi ya sa sai a asibitin da za a iya yin tiyata nan take, da jini a ajiye. Ki nemo takardar sallamarki ta wancan lokacin idan tana nan, a ga dalilin aikin da irin yankan da aka yi wa mahaifar. A hoton ciki kuma ki ce a duba miki inda mabiyiya ta kwanta, ko tana kusa da tabon.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na je. Jinina 128 bisa 82, sun ce babu laifi amma za su riƙa bibiya. Hoto ya nuna mako 12 da 'yan kwanaki, ɗa ɗaya. An tambaye ni tarihin gidanmu, da na ce yayata ta taɓa yin jijjiga a cikinta na fari sai likitar ta rubuta mini ƙaramin asfirin ɗin da Dakta ta faɗa, da maganin ƙarin jini da folik asid. An ce za a yi mini gwajin suga idan na kai mako 24 zuwa 28, abin da ba a taɓa yi mini ba a baya. Sun kuma tambaye ni rigakafin tsinkau-tsinkau nawa na taɓa yi, na kasa tunawa.

Sista Ungozoma:
Madalla, Anti. Rigakafin nan idan an cika guda biyar yana kare mace duk tsawon shekarunta na haihuwa, amma wadda ta tsaya a biyu ko uku kariyar ta ƙare tuni bayan shekara 12, don haka idan babu kati za su sake miki, ba ya cutarwa. Ki kuma tambayi rukunin jininki. Idan mai alamar ragi ne, wato nagatif, akwai allurar da ake yi don kada jikinki ya yaƙi jinin jaririn wani cikin nan gaba, kuma bayan haihuwa cikin awa 72 ake son a yi ta.

Sai kuma ki sa a ranki cewa wasu abubuwan sun canza tun haihuwar autanki, wasu kuma an ƙara ƙarfafa su. Jariri a rigingine ake kwantar da shi barci. Nono zalla har wata shida, ba a haɗawa da ruwa. Nononki zai zo, daɗewa ba ta kafar da shi, sai dai kan nonon zai iya yin tsami a kwanakin farko kamar sabuwar mai shayarwa, ki bari a duba miki yadda yake kamawa. Ciwon marar da ke biyo bayan haihuwa kuma yakan fi zafi ga wadda ta haihu da yawa, musamman lokacin da jariri ke tsotso, mahaifa ce ke tsukewa.

Maman Abba:
Sista, ni ma yanzu na gano ina da ciki wata biyu bayan shekara 7. A tsakanin nan hawan jini ya kama ni, kullum ina shan lisinopril. In ci gaba da sha har in fara awo?

Dakta Ummu Aliyu:
Maman Abba, ke ba za ki jira ranar awo ba. Lisinopril da danginsa, da irin su losartan, ba a son su ga mai ciki domin suna iya taɓa ƙodar jariri. Amma kada ki ajiye shi ki zauna haka ba magani, jinin zai iya hawa. Ki ɗauki kwalin ki je asibiti gobe da safe, ki ce kina da ciki, za a canza miki zuwa wanda ya dace, kamar methyldopa ko labetalol ko nifedipine. Ki tafi da duk wani magani da kike sha, har da na gargajiya, a duba su gaba ɗaya. Tunda kina da hawan jini tun kafin cikin, maganar ƙaramin asfirin ma za ta taso idan kin kai mako 12, ki tuna wa likitan idan bai ambata ba.